Tikitin Iyali na Yini Guda a Wurin Wasan Lilo: Wa Ya Ci Riba, Wa Ya Yi Kallo?

Da zarar makarantu sun rufe don dogon hutun lokacin zafi, manyan wuraren shaƙatawa masu lilo da jiragen wasa sukan fito da tallar abin da suke kira tikitin iyali na yini guda, kuma alƙawarin da ke cikinsa mai daɗin ji ne: mutum ya biya sau ɗaya, a ɗaura wa kowa ɗan awarwaron roba a wuyan hannu, daga nan yara su yi ta hawan duk abin da ransu yake so har lokacin tashi. Irin wannan tikiti muka saya a wani matsakaicin wurin wasa, ni da maiɗakina da yaranmu uku, babbar tana shekara takwas, na tsakiya yana shekara biyar, autar kuma ba ta daɗe da cika shekara biyu ba. Ba zan kama sunan wurin ba, domin abin da zan yaba da abin da zan kushe ba nasa ba ne shi kaɗai, tsari ne da ya game sana'ar baki ɗaya. Hukuncina kuwa shi ne, tikitin yana cika alƙawarinsa ga yaron da tsayinsa ya kai santimita 120, amma ga wanda bai kai nan ba, babban kaso na abin da aka biya kuɗinsa kallo ne daga bayan shinge, kuma wurin bai yi wa iyaye adalcin sanar da su haka ba kafin su zaro kuɗi.

Wannan salo na biya sau ɗaya ba shi ne asalin yadda ake sayar da wasan lilo ba. Lokacin da aka buɗe Disneyland a garin Anaheim na jihar Kalifoniya a shekarar 1955, kuɗin shiga daban yake, kuɗin hawa kowane abin wasa ma daban, kuma kafin shekarar ta ƙare sai aka fito da ɗan littafin tikiti mai haruffan A da B da C, inda A ke wakiltar ƙananan wasanni masu sauƙi. An ƙara D a 1956, sannan E a 1959 domin manyan wasannin da kowa ke rububi, kuma a haka aka ci gaba har zuwa 1982, lokacin da aka soke littafin gaba ɗaya aka koma tikiti ɗaya tilo. Kafin nan, Six Flags Over Texas da aka buɗe a 1961 yana cikin wuraren da suka yayata tsarin kuɗi ɗaya a Amurka. Tsohon tsarin yana da nasa ciwon kai, domin iyaye kan wuni suna ƙirga takardu suna lissafin abin da ya saura, amma akwai adalci a cikinsa, tunda uban ɗan shekara uku yana biyan kuɗin abin da ɗan shekara uku ya hau ne kawai. A sabon tsari kuwa, kuɗin ginawa da kula da manyan jiragen hawa-da-gangara, waɗanda su ne suka fi lashe jarin irin waɗannan wurare, an raba shi a kan kowa, har da wanda ba za a bari ko kujerarsu ya taɓa ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne, ana sayar da tikiti da shekaru, amma ana hawan lilo da tsayi. A shafin wurin na intanet an rubuta ɓaro-ɓaro cewa ɗan ƙasa da shekara uku kyauta zai shiga, daga uku zuwa goma sha ɗaya akwai ɗan rangwame, daga nan kuma kowa babba ne. Ƙa'idojin tsayi kuwa, waɗanda su ne ainihin abin da zai nuna wa mai saye darajar abin da yake saya, suna can a ɓoye, sai mutum ya bi kowane abin wasa ɗaya bayan ɗaya yana dannawa kafin ya gan su. A cikin wurin matakan huɗu ne: santimita 90 tare da babba, sai 100, sai 120, sai kuma 140 ga mafiya girma. Ɗan shekara biyar da 'yar shekara takwas kuɗi ɗaya aka karɓa a kansu, alhali ita ta hau kusan komai in ban da guda biyu ko uku, shi kuwa ƙofofin da aka buɗe masa ba su kai rabi ba. Wasu wuraren wasa suna ɗora farashin yara a kan tsayi maimakon shekaru, kuma a ganina wannan ne daidai, domin da ma'aunin da za a hana yaro ya kamata a karɓi kuɗinsa.

Ba ni da ja da ƙa'idar tsayin kanta, kuma ina jan hankalin iyaye kada su ɗauke ta a matsayin tsaurin ran ma'aikata. Tun daga 1919, lokacin da injiniya John Miller ya yi rajistar fasahar ƙafafun da ke kama dogo ta ƙarƙashi, aka samu damar gina gangara masu tsanani ba tare da jirgi ya tashi daga hanyarsa ba. Abin da ke riƙe mutum a cikin jirgin kuwa shi ne sandar da ke sauka bisa cinya ko maƙalin da ke saukowa kan kafaɗu, kuma dukkansu an ƙera su ne bisa wani girman jiki. A daidai lokacin da jirgi ya haye tudu da gudu, jiki yakan ɗago daga kujera, kuma yaron da ƙafarsa ba ta kai ƙasa ba, ko cinyarsa ba ta cika ƙarƙashin sandar ba, yana iya zamewa ta ratar da babba ba zai ma lura da ita ba. Kamfanin da ya ƙera injin ne ke ƙayyade iyakar, a ƙarƙashin ƙa'idojin sana'a irin su EN 13814 a Turai da waɗanda kwamitin ASTM F24 ke tsarawa a Amurka, saboda haka matashin da ke tsaye a ƙofa ba shi da hurumin sassautawa. Na ga iyayen da ke raɗa wa yaro ya ɗan ɗaga dunduniya, na kuma ga wanda ya tsaya yana musu da ma'aikaci a kan santimita ɗaya, kuma gaskiya wannan wasa ne da lafiyar ɗan da mutum ya haifa.

Abin da nake kuka da shi shi ne wurin da ake yin awon. A wasan kwale-kwalen da ke haurawa sama ya gangaro cikin ruwa, akwai sandar awo a farkon layi, amma babu kowa a wurin, kuma fentin alamar ya goge har ba a iya bambance 110 da 120. Muka bi layi cikin rana, yaron na tsakiya yana ta tsalle yana nuna masu saukowa jiƙe da ruwa, sai da muka kai bakin hawa sannan wata ma'aikaciya ta tsayar da shi a jikin sanda ta gaske, ya gaza da kamar faɗin yatsu biyu. Ta durƙusa daidai tsayinsa ta ce, "Yi haƙuri ƙanena, saura kaɗan ka kai," sannan ta dube ni ta ce, "Yallaɓai, ka yi mini afuwa, ba ni da ikon barinsa." Shi kuwa ya juyo yana cewa, "Baba, ai na miƙe sosai." Ma'aikaciyar ta yi aikinta yadda ya kamata, har ma da tausasawar da ba kowa zai iya ba bayan ya wuni a tsaye. Laifin na masu tsarin ne, kuma gyaransa ba ya cin kuɗi: a auna kowane yaro sau ɗaya a babbar ƙofa, a ba shi awarwaro mai launin da ya dace da tsayinsa, taswirar wurin ma a yi mata launuka iri ɗaya, yadda yaro da kansa zai san inda launinsa ke shiga tun kafin ya ƙwallafa rai.

Da muka koma ɓangaren ƙananan yara sai al'amarin ya sauya, kuma a nan ne wurin ya cancanci yabo. Lilon dawakai yana da tsafta, kiɗansa ba mai kashe kunne ba ne, kowane doki yana da ɗamarar da ake ɗaure yaro da ita, kuma an bar babba ya tsaya a gefen ƙaramin yaro ya tallafe shi. Autarmu ta ƙanƙame sandar tagulla da hannu biyu, a zagayen farko fuskarta a ɗaure kamar za ta yi kuka, a na biyu ta fara neman mahaifiyarta da ido duk lokacin da dokin ya zo daidai inda take tsaye, a na uku kuwa har ta saki hannu ɗaya tana ɗaga mata. Ƙaramin jirgin ƙasa da ke zagaye wurin shi ne abin da ya fi komai amfani a yinin, domin yana ɗaukar iyali gaba ɗaya, yana bi ta ƙarƙashin itatuwa, layinsa ba ya daɗewa, kuma yana ba ƙafafu hutu ba tare da yara sun ji cewa an daina wasa ba. Babban lilo mai siffar wili, jikan wanda George Ferris ya gina don baje kolin duniya na Shikago a 1893 mai tsayin kusan mita 80 da ɗakuna 36, shi ma ba ya hana kowa in dai akwai babba, sai dai yawan tsayawar da yake yi don saukewa da ɗaukar mutane yana sa ƙaramin yaro ya gundura a sama, inda babu hanyar fita.

Walt Disney ya sha faɗa cewa tunanin gina Disneyland ya zo masa ne yana zaune a kan benci a Griffith Park da ke Los Anjelis, 'ya'yansa mata suna kan lilon dawakai shi kuwa ba shi da abin yi, sai ya ga ya kamata a samu wurin da iyaye da yara za su yi nishaɗi tare. Da wannan ma'auni nake auna kowane wurin wasa, wato yawan abubuwan da ɗan shekara biyu da ɗan shekara arba'in za su iya yi a kujera ɗaya. Tsofaffin wurare sun fahimci haka. Tivoli na birnin Kopenhagen, wanda aka buɗe a 1843, lambu ne kafin ya zama komai. Efteling na ƙasar Holan ya fara a 1952 da dajin tatsuniyoyi da ake zagayawa da ƙafa, wanda ba ya tambayar tsayin kowa. Legoland na Billund a Danmak, da aka buɗe a 1968, tun asali ƙananan yara ne abin nufinsa. Wurin da muka je kuwa an gina shi ne domin matasa, aka liƙa masa kusurwar yara daga baya, kuma ana ganin haka a taswira: ɓangaren ƙanana yana can ƙarshen fili, sai an ratsa ta gaban dukkan manyan jirage masu ƙara da ihu kafin a isa, abin da ke tsorata wasu yaran, wasu kuma ya tayar musu da kwaɗayin abin da za a hana su.

Batun layi yana buƙatar a tsaya a kansa, domin akwai abin da iyaye da yawa ba sa lura da shi. Mutum zai zaci ƙananan wasanni ne za su fi saurin layi, amma sau da yawa akasin haka ne, kuma lissafin a bayyane yake. Ƙaramin lilo mai kujeru goma sha shida, wanda zagayensa da saukewa da ɗaurewa ke cin minti biyar, mutum 192 kacal zai ɗauka a awa ɗaya, alhali babban jirgi mai tarago da yawa, da ke sakin ɗaya yana loda ɗaya, yana iya ɗaukar fiye da dubu a wannan lokacin. Ƙari a kan haka, ɗaure ƙananan yara yana cin lokaci, wani zai fasa a minti na ƙarshe, wani takalminsa ya faɗi, wata uwa kuma tana son ɗaukar hoto. Sakamakon shi ne waɗanda suka fi kowa ƙarancin haƙuri su ne ke bin layin da ya fi kowane tafiyar hawainiya. Akwai maganin wannan, kuma an gwada shi: a 2012 wurin wasan Disney na Magic Kingdom da ke Fulorida ya mayar da lilonsa na giwaye masu tashi ya zama guda biyu, ya kuma gina ɗakin wasa mai sanyi inda yara ke guje-guje har sai na'urar da aka ba iyayensu ta yi ƙara cewa lokacinsu ya yi. Ba kowane wuri ne ke da jarin yin haka ba, amma rumfa da ɗan abin taɓawa a jikin shinge ba su fi ƙarfin kowa ba, kuma a layukan yara na wurin da muka je babu ko ɗaya daga cikinsu.

A ƙofa an yi ta tallata mana ƙarin tikitin tsallake layi. Wannan hidima ta samo asali ne daga FastPass da Disney ya ƙaddamar a 1999, wanda kyauta ne a lokacin, yana ba mutum sa'ar da zai dawo ya hau ba tare da dogon jira ba, kafin kamfanin ya maye gurbinsa da tsarin biya a wurarensa na Amurka a 2021. Ga iyali mai ƙananan yara, shawarata ita ce a duba jerin wasannin da ƙarin ya shafa kafin a saya, domin a wurin da muka je dukkansu na masu santimita 120 zuwa sama ne, ko ɗaya babu daga ɓangaren ƙanana. Hidimar da ta fi shi amfani kyauta ce, amma ba a tallata ta ko a allo ɗaya: musayar iyaye. Idan babban yaro yana son hawa abin da ƙanensa ba zai iya ba, sai a sanar da ma'aikacin ƙofa, ɗaya daga cikin iyaye ya bi layi da babban, ɗayan ya jira da ƙanana, idan sun sauko sai wanda ya jira ya shiga ta ƙofar fita ba tare da sake bin layi ba. Babbar 'yarmu ta hau jirgin da ta fi so sau biyu a jere ta wannan hanya, sau ɗaya da ni, sau ɗaya da mahaifiyarta, kuma wani uba ne a layi ya faɗa mana ana yi, ba wurin ba.

Sai zafi, wanda shi ne ainihin mai mulkin yini irin wannan. Jikin ƙaramin yaro yana ɗaukar zafi da sauri fiye da na babba, ba ya kuma faɗin yana jin ƙishirwa sai abin ya yi nisa, musamman idan wasa ya ɗauke masa hankali, shi ya sa alamomin da ya kamata a riƙa lura da su su ne kasala, da jan fuska, da rigimar da ba ta da dalili, da kuma famfas ɗin da ya daɗe a bushe. Hasken rana ya fi illa ga fata daga ƙarfe goma na safe zuwa huɗu na yamma, wato daidai tsakiyar lokacin da tikitin ke aiki, kuma man kare fata yana buƙatar a sake shafawa duk bayan awa biyu da kuma bayan shiga ruwa, jaririn da bai kai wata shida ba kuwa inuwa ce kariyarsa. A wannan fanni wurin ya gaza matuƙa. Manyan hanyoyinsa kwalta ce da siminti, bencinan da ke inuwa kaɗan ne kuma tun hantsi aka cike su, famfon shan ruwa kyauta guda biyu na gani a duk faɗin wurin, ɗaya ma ba ya aiki, alhali rumfunan sayar da ruwan gora suna kowace kusurwa. Kujerun roba masu duhun launi da sandunan ƙarfe na ƙananan lilo sukan yi zafin da ke iya ƙona cinyar yaro, don haka ya zama wajibi babba ya taɓa da tafin hannunsa kafin ya zaunar da shi. Na kuma ga iyaye suna lulluɓe keken jariri da zane don su yi masa inuwa, alhali hakan yana toshe iska ne ya ƙara zafin ciki.

Filin feshin ruwa ne ya ceci tsakar ranarmu. Daɓensa roba ce mai laushi da ba ta santsi, ruwan yana fitowa daga ƙasa ya koma ta magudana ba tare da ya taru ba, wanda hakan ke rage fargabar nutsewa, tunda ƙaramin yaro yana iya nutsewa a ruwan da bai fi 'yan santimita ba. Akwai ma'aikaci a tsaye, akwai shinge mai ƙofa ɗaya, akwai kuma rumfa ga iyaye. Yara ukun, duk da bambancin shekarunsu, a nan ne kaɗai suka yi wasa tare na tsawon lokaci ba tare da an ce wa wani bai isa ba. Abin dariyar shi ne, wannan fili da jirgin ƙasan da lilon dawakai duk suna cikin abin da tikitin shiga kawai, mai rahusa, yake bayarwa.

Banɗakuna suna da tsafta da safe, da yamma kuwa sai a hankali. Ɗakin kula da jarirai yana da kyau ƙwarai, da teburin canza famfas da wurin ɗumama madara da kujerun shayarwa a bayan labule, amma ɗaya ne tak, kuma yana kusa da babbar ƙofa, wato nesa da ɓangaren da jarirai suke. Teburin canza famfas kuwa a banɗakin mata kaɗai aka saka shi, kamar dai uba ba ya zuwa da ɗansa. Keken tura yara da ake bayarwa haya na roba ne mai tauri, ba ya kwanciya, don haka bai dace da yaron da zai yi barcin rana ba, gara mutum ya zo da nasa, ya kuma ɗaura masa wata alama, domin ma'aikata sukan sake jera kekunan da aka ajiye a bakin wasanni.

Kalmar "komai a ciki" da ke jikin tallar ma tana buƙatar gyara. Ajiye mota ba ya ciki, akwatin ajiyar kaya ba ya ciki, hoton da na'ura ke ɗauka a kan jirgi ba ya ciki, haka nan rumfunan jifa da harbi da ake cin 'yar tsana, waɗanda aka jera su daidai hanyar da dole a bi zuwa ɓangaren yara, da manyan 'yan tsana a rataye daidai idon ɗan shekara biyar. Wasanni da dama ƙofar fitarsu ta cikin kantin kayan wasa take bi, kuma duk wanda ya taɓa ratsa irin wannan kanti da yaron da ya gaji ya san abin da ke biyo baya. An hana shiga da abinci, in ban da na jarirai da na masu larura, abincin ciki kuwa yana da tsada, layinsa da tsakar rana ya fi na wasu jiragen tsawo. Abin da ya sassauta wannan shi ne ana buga wa mutum hatimi a hannu ya fita ya dawo, kuma akwai tebura a ƙarƙashin itatuwa a wajen shinge, sai dai wannan ma sai wanda ya tambaya ake faɗa wa.

A kan ma'aikata kuwa ba ni da abin faɗa sai alheri. Yawancinsu matasa ne masu aikin hutu, amma ban ga wanda ya tayar da inji ba tare da ya bi kujeru ɗaya bayan ɗaya ya ja sanda ya tabbatar ta kulle ba, kuma a motocin karo na ga an tsayar da wasa cak saboda wani yaro ya miƙe tsaye. A ƙofar shiga ana ba da takardar ɗaurawa a hannu da ake rubuta lambar wayar iyaye, kuma mun ga amfaninta da idonmu lokacin da wani yaro ya ɓace wa iyayensa a kusa da mu: ma'aikaciyar ba ta ja shi zuwa ofis ba, ta tsaya da shi a inda ta same shi, ta kira lambar, cikin ɗan lokaci sai ga mahaifiyar a guje. Da yamma iska ta taso aka rufe dogayen wasanni na wani lokaci, wanda daidai ne, sai dai sharuɗɗan tikitin sun ce ba a mayar da kuɗi saboda yanayi, kuma ya kamata mai saye tun da wuri ya san da wannan.

Ga wanda dukkan yaransa suka kai santimita 120, tikitin yini guda ciniki ne mai kyau, kuma zan ba shi shawarar ya saya ta intanet ya iso kafin a buɗe ƙofa. Ga mai ƙanana kuwa, ya auna su a gida sanye da takalman da za su je da su, ya zauna da jerin wasannin ya ƙirga nawa kowannensu zai iya hawa, idan adadin bai taka kara ya karya ba sai ya sayi tikitin shiga kawai, ya biya kuɗin wasa biyu ko uku a ciki, domin ɗan shekara uku ya fi son ya maimaita abu ɗaya sau biyar a kan ya gwada sababbi biyar. Iyali mai haɗe da manya da ƙanana, irin namu, zai fi cin riba idan ya raba: cikakken tikiti ga babban yaro da babba ɗaya, na shiga kawai ga sauran, in dai wurin ya yarda a haɗa iri biyu, kuma wanda muka je ya yarda, ko da yake kunshin iyali kaɗai yake nunawa a shafinsa na farko.

Akwai kuma tikitin da babu shi, wanda shi ne ya fi dacewa da ƙananan yara. Wurin yana sayar da tikitin rabin yini mai rangwame, amma na yamma ne, daga ƙarfe huɗu zuwa tashi, wanda ya yi daidai da matasa masu son fitilun dare. Ƙarfin ɗan shekara biyu ko biyar kuwa da safe yake, daga buɗe ƙofa zuwa wajen ƙarfe ɗaya, lokacin da layi bai yi tsawo ba kuma ƙarfe bai ɗauki zafi ba, bayan nan sai barci ko kuka. Na tambayi ofishin kula da baƙi ko suna da tikitin safe, jami'in ya ce babu, domin a cewarsa ba su da hanyar tabbatar da cewa wanda ya shiga da safe ya fita da rana. Amma awarwaron da ke hannun kowa yana ɗauke da lambar da ake dubawa da na'ura a ƙofar kowane wasa, kuma na'urar da ta san tikitin yamma bai fara aiki ba kafin ƙarfe huɗu za ta iya sanin cewa na safe ya daina aiki bayan ƙarfe ɗaya.